FILIN KIMIYYA DA FASAHA: Silin Wayar Da Ke Auna Iska

 

A hunturun bara na taso daga Legas a mota zan je ganin gida. Har na ƙetare gadar Jebba ba abin da ya sami motar, amma da na shiga ƙasar hazo sosai sai ta soma wani hali: in na taka totur sai ta yi jim kamar mai tunani, sa'an nan ta fizga. Da ƙyar na lallaɓa ta zuwa wani gareji a bakin hanya. Bakaniken, wani dattijo mai natsuwa, ya saurari ƙarar injin, ya buɗe inda matatar iska take, ya tarar ta yage ta gefe guda. Sai ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ba fulogi ba ne, ba kuwa mai ba ne. Hancin motarka ne ya toshe." Ya kwance wani ɗan abu na roba da ke tsakanin matatar da injin, ya ɗaga shi wajen haske, ya nuna mini wani ɗan silin waya a ciki wanda ƙura ta lulluɓe. Na kai hannu zan goge, ya riƙe ni. Ya ce, "A'a, Yallaɓai! Ko da tsinken ashana ka taɓa shi, ya tsinke ke nan." Ya fesa masa wani ruwan wanki, ya bari ya bushe, ya mayar, ya sa sabuwar matata. Mota ta koma lafiya lau.

To, wannan ɗan sili shi ne zancenmu na yau. Tun kafin ya shiga mota ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a ɗakunan bincike na jami'o'i, inda masana ke nazarin yadda iska da ruwa suke gudana. Bari mu kira shi ma'aunin zazzafan sili. Labarinsa yana da darasi a gare mu, musamman ga ɗalibanmu masu sha'awar aikin injiniya.

YADDA ZAFI KE AUNA ISKA

Duk wanda ya taɓa hura koko mai zafi ya riga ya san tushen al'amarin. In ka hura a hankali, koko ya huce a hankali. In ka hura da ƙarfi, ya huce da sauri. Watau ke nan, gwargwadon saurin iska, gwargwadon yadda take kwashe zafi daga jikin abu. Sai masana suka juya maganar ta ɗaya gefen, suka ce: in dai mun san yawan zafin da iska ta kwashe, ai mun san saurinta.

Ga yadda ake yi. Akan sami waya ta wani ƙarfe da ake kira tangistan, wanda shi ne ke ba da haske a cikin ƙwan lantarki irin na da, ko kuwa ta filatinam. Kaurinta kamar kashi 5 ne cikin 1,000 na milimita ɗaya. Domin mai karatu ya gane, sai an jera irin wannan sili fiye da goma gefe da gefe kafin su kai kaurin gashin mutum guda. Tsawonsa kuwa bai fi milimita 1 zuwa 2 ba. Akan liƙa shi a tsakanin wasu ƙafafu biyu masu tsini kamar allura, a sa masa wutar lantarki har ya yi zafin da ya kai kamar digiri 200 zuwa 250 a ma'aunin santigiredi, sa'an nan a sanya shi cikin iskar da ake so a auna.

Ƙarfe yana da wani hali: in ya yi zafi yakan ƙara turje wa wutar lantarki, in ya huce sai ya sassauta mata. Saboda haka da zarar iska ta sanyaya silin, turjiyarsa ta ragu. Akwai wani tsarin haɗa wayoyi da ake kira gadar Wheatstone, da sunan Baturen Ingilan nan Charles Wheatstone wanda ya yayata shi a 1843. Aikinsa kamar na sikeli ne mai tasa biyu: muddin turjiyar silin ta canja ko da ƙanƙani, sai sikelin ya rinjaya. A na'urorin zamanin nan, da sikelin ya rinjaya sai wata na'ura ta ƙara wa silin wuta nan take domin zafinsa ya koma inda yake. Yawan wutar da aka ƙara, shi ne labarin saurin iskar.

LISSAFIN KING DA IYAKARSA

Wanda ya fara kafa wa wannan ma'auni lissafi mai ƙwari shi ne Louis Vessot King, malami a Jami'ar McGill da ke birnin Montreal a ƙasar Kanada. A shekarar 1914 ya buga sakamakon bincikensa a kan yadda iska ke kwashe zafi daga siraran wayoyi, kuma har yau ana kiran ƙa'idar da ya fitar da sunansa.

Abin da King ya gano shi ne, zafin da sili ke rasawa kashi biyu ne. Akwai kashin da ba ya bin saurin iska. Akwai kuma kashin da ke ƙaruwa da saurinta, amma ba kafaɗa da kafaɗa suke tafiya ba. In saurin iska ya ninka sau 4, wannan kashi sau 2 kaɗai yake ninkawa. In ya ninka sau 9, shi kuwa sau 3. Ma'anar wannan ita ce, silin ya fi jin motsin iska mai tafiya a hankali, yana kuma rage ji yayin da ta yi gudu ƙwarai.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Lissafin ya ɗauka cewa silin dogo ne marar iyaka, alhali kuwa na gaske gajere ne, kuma wani zafin yana zurarewa ta ƙafafun da ke riƙe da shi. Shi ya sa masu ƙira sukan so tsawon sili ya ninka kaurinsa aƙalla sau 200, don a rage wannan yoyo. Har ila yau, a 1959 wasu masana biyu a Ostireliya, Collis da Williams, suka sake awo da kyau, suka tarar wani adadi da King ya sa a matsayin rabi, watau 0.5, ya fi kusa da 0.45 a irin saurin da aka fi aiki da shi. Bugu da ƙari, silin ba ya iya bambanta iskar da ta ƙara gudu da iskar da ta ƙara sanyi, domin dukkansu sanyaya shi suke yi. In zafin ɗaki ya canja da digiri ɗaya tak ba a lura ba, kuskuren yakan kai kimanin kashi 2 cikin 100. Sili guda kuma ba ya sanin ko daga gabansa iska ta zo ko daga bayansa. In ana son sanin karkatar iska sai a giciya biyu, ɗaya bisa ɗaya, a gwama abin da kowanne ya faɗa. Ita kuwa ƙura, da ta kwanta a kansa ta zama masa bargo, sai ya riƙa faɗin ƙasa da gaskiya.

Saboda duk wannan, babu masanin kirki da zai dogara ga lissafin King shi kaɗai. Kafin a fara aiki, akan sa silin cikin iskar da aka riga aka san saurinta ta wata hanya dabam, galibi da bututun Pitot, wanda Henri Pitot ya ƙirƙiro a 1732 don auna gudun kogin Seine a birnin Faris. A gwada shi a sauri kala-kala, a rubuta abin da ya nuna a kowanne. In an gama aikin yini, a sake gwada shi. In na safe da na yamma suka saɓa, a zubar da awon ranar gaba ɗaya. Lissafi yakan ba da siffar amsar ne kawai. Adadin da za a cika a ciki, sai awo. Dama Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

INA AMFANIN WANNAN WAHALA?

Wani zai ce, tun da akwai bututun Pitot, akwai kuma ma'aunin nan mai kofuna da muke gani yana juyawa a filayen jirgin sama, wanda Thomas Romney Robinson ya ƙera a 1846 a Ailan, mene ne na wahala da abin da ko tsinke ke tsinka shi?

Amsar tana cikin hayaƙin turaren wuta. Kunna turare a ɗaki marar iska ka duba. Da farko hayaƙin zai miƙe siriri kamar zare, sa'an nan a wani tsayi ya soma rawa, daga nan ya tarwatse ya zama 'yan guguwa masu cuɗanya da juna. Tafiyar farko ita ce ta natsuwa, ta biyu kuwa ta hargitsi. A 1883 Osborne Reynolds na birnin Manchesta ya nuna haka a fili, ya zuba ruwan rini cikin ruwan da ke gudana a bututun gilashi, ya ga rinin ya miƙe kamar zare in ruwan na tafiya a hankali, ya kuma watse in an ƙara masa gudu. Galibin iska da ruwan da muke hulɗa da su a hargitse suke: ruwan bututun famfo, iskar da ke bayan babbar mota, ruwan kogi a bayan ginshiƙin gada.

A cikin hargitsi, saurin iska a wuri guda yana canjawa sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Kofuna masu nauyi da bututun Pitot ba sa jin wannan, matsakaicin sauri kawai suke bayarwa. Shi kuwa sili, saboda ƙanƙantarsa, yana hucewa yana ɗumama cikin ƙiftawar ido. Duk da haka, silin zamanin farko yana ɗan makara. A 1929 Hugh Dryden da Arnold Kuethe, a Hukumar Ma'aunai ta Amurka da ke Washington, suka fito da dabarar gyara wannan makara ta hanyar lantarki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da na'urorin lantarki suka inganta, sai tsarin riƙe zafin sili a wuri guda ya yaɗu, har ya zamana yana iya bin canje-canje dubu gomomi a daƙiƙa.

Ba wai ba a san dokokin gudanar ruwa da iska ba ne. Tun a 1822 Navier na Faransa ya rubuta su, Stokes na Kambirij ya kammala a 1845. Matsalar ita ce warware su ya gagari kowa in hargitsi ya shigo. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa kyautar dala miliyan 1 ga wanda ya amsa wata tambaya ta tushe game da su. Inda alƙalami ya tsaya, dole a koma ga ma'auni.

RANAR DA SILI YA RABA GARDAMA

A 1904 Ludwig Prandtl na Jamus ya bayyana cewa, in iska tana wucewa ta jikin abu kamar fiffiken jirgi, akwai wata siririyar shimfiɗa tata da ke manne da jikin abin, kuma a cikinta ne gogayya ke faruwa. In wannan shimfiɗa tana tafiyar natsuwa, gogayyar kaɗan ce. In ta hargitse, sai ta ƙaru ƙwarai. Maganar kuɗi ce tsagwaronta, domin kusan rabin abin da ke jan babban jirgin fasinja baya a sararin sama gogayyar iska ce da jikinsa, kuma mai ake ƙonawa don a rinjaye ta.

To, me ke sa shimfiɗar ta hargitse? Almajiran Prandtl biyu a garin Gottingen, Walter Tollmien a 1929 da Hermann Schlichting a 1933, suka yi lissafi a takarda. Suka ce akwai wasu ƙananan raƙuma, irin na ruwa, da ke tasowa a cikin shimfiɗar. Waɗansu sukan mutu da kansu, amma masu wani takamaiman sauri na kaɗawa sukan yi ta girma har su tarwatsa tafiyar. Sun ma faɗi waɗanda za su girma da inda za su fara.

Fiye da shekara goma bayan lissafin Tollmien ba wanda ya ga raƙuman nan da ma'auni. Manyan masana da yawa suka yi shakka, har da Geoffrey Taylor na Jami'ar Kambirij, wanda a ganinsa hargitsin iskar da ke zuwa daga waje ne ke tayar da shimfiɗar.

Daga 1940 sai wasu ma'aikatan Dryden biyu, Galen Schubauer da Harold Skramstad, suka duƙufa a kan maganar. Suna da wani dogon zaure da ake hura iska ta cikinsa da babbar fanka domin gwaji. Abin da suka fara yi shi ne tsabtace iskar kanta: suka jera ragogi masu ƙananan idanu kamar rariya a mashigar zauren, har motsin banza da ke cikin iskar ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na saurinta. Suka kafa faifan ƙarfe mai santsi, suka kai zazzafan sili dab da fuskarsa. Sai ga raƙuman sun bayyana. Ba su tsaya nan ba. Suka shimfiɗa wani siririn falle na tagulla kusa da faifan, suna kaɗa shi da lantarki da maganaɗisu a saurin da suka ga dama, suna bin raƙuman da sili. Waɗanda lissafi ya ce za su girma suka girma, waɗanda ya ce za su mutu suka mutu. Ashe dalilin da ya sa na baya ba su gani ba shi ne, iskar zaurukansu ta cika hayaniya, ta binne abin da ake nema. An rubuta rahoton a 1943, amma saboda yaƙi aka ɓoye shi, sai a 1947 duniya ta karanta. Abin lura a nan, Jamusawa ne suka yi lissafin, Amurkawan da suke yaƙi da su ne suka gaskata shi. Gani ya kori ji.

Irin haka ta sake faruwa. A 1941 Andrey Kolmogorov na Rasha ya ce a cikin hargitsi manyan guguwa suna farfashewa su haifi ƙanana, ƙananan su haifi waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har ƙarfin ya ƙare ya zama zafi, kuma rabon ƙarfi a tsakaninsu yana bin ƙa'ida guda. Shaida mafi gamsarwa ta farko ta fito ne a 1962, lokacin da wasu masana uku a Kanada, Grant da Stewart da Moilliet, suka buga awon da suka yi daga jirgin ruwa a wani mashigin teku mai ƙarfin igiya kusa da tsibirin Vancouver. Da yake sili ba zai jure ruwan teku ba, sun yi amfani da ɗan'uwansa, watau siririn shafen ƙarfe a kan tsinin gilashi, wanda ke aiki bisa hanya guda.

DAGA MARS ZUWA GAREJI

Yau akwai waɗansu hanyoyin. Tun daga 1964 aka fara auna gudun ruwa da hasken leza ba tare da an tsoma komai a ciki ba, daga baya kuma aka sami dabarar watsa ƙananan ƙwayoyi cikin iska a ɗauki hotonsu a ga inda kowace ta nufa. Kwamfuta ma tana kwaikwayon gudanar iska ta zana ta da launuka masu ƙayatarwa. Amma har yanzu masu rubuta wa kwamfuta waɗannan lissafe-lissafe sukan gwama sakamakonsu da abin da aka auna a zauren iska, kuma zazzafan sili yana cikin shaidun da ake kira, saboda arharsa da saurin jinsa. Kumbunan Viking biyu da Amurka ta saukar a duniyar Mars a 1976 sun auna iskar can da irin wannan dabara. A asibiti ma, wasu na'urorin taimaka wa marar lafiya numfashi da ita suke sanin yawan iskar da ke shiga da fita.

Mu koma ga motata. Injin fetur yana bukatar kimanin awo 14.7 na iska ga kowane awo 1 na mai, in an auna da nauyi. Tun daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka fara sa zazzafan sili a mashigar iska domin ya gaya wa kwamfutar mota yawan iskar da injin ya shaƙa, ita kuma ta ba da mai daidai. A wasu motocin farko har akan zafafa silin zuwa kimanin digiri 1,000 na ɗan lokaci bayan an kashe inji, don ya ƙone dattin da ya maƙale masa. A tawa motar, matata ta yage, ƙurar hunturu ta yi wa sili bargo, ya faɗi iska kaɗan alhali mai yawa ce ta shiga, kwamfuta ta gaskata shi ta rage mai, mota ta yi ta shaƙewa. Kwamfutar ba ta yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba. Shaidarta ce ta gurɓace.

Wannan shi ne abin da nake so ɗalibanmu su riƙe. Yaro yana iya gama karatun injiniya ya haddace ƙa'idodi tuli, ya kuma iya sa kwamfuta ta zana masa iska mai launi bakwai, amma in bai taɓa riƙe ma'auni ya gwada shi da safe ya sake gwadawa da yamma ba, ba zai san ranar da zanen ya yi masa ƙarya ba. Lissafin Tollmien da Schlichting daidai ne tun ranar da aka rubuta shi, amma bai zama abin dogaro ba sai da aka auna. Ma'aunin kuma bai zama shaida ba sai da aka tsabtace iskar aka gwada silin. Mu da muke da tamu iskar, mai zafi da ƙura, muna kuma son gina ɗakunan karatu masu shan iska, da rumbunan busar da amfanin gona, da fankokin samar da lantarki, ba za mu wadatu da alƙaluman da aka auna a wata ƙasa ba. Ina roƙon shugabannin jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, in ana rabon kuɗi, a tuna da ɗakin gwaji da mai kula da ma'aunansa kamar yadda ake tunawa da ɗakin kwamfuta.

Ku kuma direbobi, in hunturu ya kama, a riƙa duba matatar iska, kada kuma a bar yaron gareji ya goge silin nan da tsumma.